Ƙofar da Direba Bai Kulle Ba

A bencin ƙofar kotu, wata dattijuwa ta dubi mutumin da ke gefenta, sai ta miƙa masa gorar ruwanta.

"Sha, ɗana. Zuwanka na fari ke nan? Ni na goma sha ɗaya, kullum ɗagewa suke."

"Shaida zan bayar, Mama. Direban babban mutumin da ake tuhuma ne ni a da, ni nake kai masa 'yan mata. Sau uku ina kai rahoto, ana cewa za a neme ni."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ne ka bar ƙofar mota a buɗe? 'Yata ce ta tsere ta nan, ta ba ni labarinka."

Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya ne kawai, Mama. Sauran duk na kulle."

"To, shanye ruwan nan, ɗana. Sauran za ka shiga ka faɗa, kada muryarka ta shaƙe."