Kwanon Hura Tsakanin Inuwa Biyu

Ƴan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu yau a kan ƙafafunmu. Ku yi mini haƙuri in zauna. Gwiwar nan ta daina ɗaukar dogon labari, labarin kuwa yana da ɗan tsawo.

Sunana Saratu. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, abin da Allah ya koya wa hannuna shi ne karɓar haihuwa. Kafin ɗana ya dawo da ni nan Tawa, ungozoma ce ni a likitar wani ƙauye, wato ɗan asibitinsu, can hanyar Affala.

Mu biyu ne, ni da Habsu.

Habsu musulma ce, gidansu na wata tunga bayan fadama, shi ya sa a likita kawai muke haɗuwa. Matan ƙauyukanmu ba su son gadon ƙarfe, durƙusawa suke yi. Mai durƙuso kuwa mutum biyu take bukata. Ɗaya na gaba tana jiran yaro, ɗaya na baya ta rungume ta ta ƙarƙashin hammata, ta zama mata abin jingina. Habsu ce a gaba, ni ce a baya. In lokaci ya yi, kalma biyu take faɗa: "Saratu, baya!" Ko ina bakin rijiya, sai na ji.

Da rana kwano ɗaya muke dama hura, ludayi ɗaya. Ta kan ce, "Yi addu'arki, ƴar Lahadi, amma ki gajarta, hura na tsami." Ni kuma in ce, "Ke da kin yi bismilla kin rigaya kin kai rabi." Haka muka yi ta yi har ƴaƴan da muka karɓa suka fara zuwa nasu durƙuson.

Ana nan, ana nan, sai likitarmu ta rabu biyu.

Akwai Majo, babban ma'aikacin da ke riƙe da likitar duka. Akwai Madam, wadda aka turo daga Tawa ta riƙe ɗakin haihuwa. Har yau ban san mafarin rigimarsu ba. Waɗansu sun ce mabuɗin ɗakin magani ne, waɗansu sun ce gidan da ke cikin likita ne kowa ke so. Ni dai na ga kowa ya shiga neman mutane. Madam ta jawo shugaban komitin gari da mai ba da magani. Majo ya jawo mai allurar rigakafi da gardi mai tsaron ƙofa. Wannan ya hau moto ya je Tawa ya roƙi manya a ɗauke waccan, waccan ta shiga mota ta je ta roƙi a ɗauke wannan.

Inuwa biyu ce a filin likitar. Ƙarƙashin dogon yaro mutanen Majo ke shan shayi, a barandar ɗakin haihuwa mutanen Madam ke cin abinci. Inda ka zauna da rana, an san naka.

Ni ban zaɓi kowa ba. Matar Majo ce ta haihu, yarinya ƙarama, uwarta na nesa. Wa zai yi mata wankan jego? Kowace safiya na kan bi ta gidansu in dafa ruwa in yi mata, har ta yi arba'in. Da aka ga ina fitowa daga gidan Majo da ganye a hannu, shi ke nan, an rubuta ni a goshi: Saratu ta Majo ce.

Habsu ma ba ta zaɓa ba. Ɗiyarta Zali, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa, Madam ce ta sa baki aka ɗauke ta shara da wanki a ɗakin haihuwa. Tuwon marayun nan a bakin Madam yake.

Wata safiya na zo zan shiga, Madam ta tsaya a ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna Saratu, daga yau ki koma wajen awon yara. Ɗakin nan ya yi mana kaɗan."

Na dubi Habsu. Tana ninke tsummoki, ba ta ɗago ba.

Majo kuwa murna ya yi. Ya ce, "Inna, taho inuwa, ke tamu ce. A zuba ma Inna shayi." Bayan kofi na biyu ya sunkuyo ya ce, "Mi suke cewa can ciki?" Na ce, "Ɗana, ni kukan jarirai kaɗai nike ji." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Wayyo, ƴan'uwa! Ba ku san abin da na sha ba. Ina rataye yaro a ma'auni, sai in ji nishin mai naƙuda daga can. Hannuwana su tashi da kansu, kamar za su rungumi wani, babu kowa. Ƙirjina ya saba da nauyin mace a kansa, ya zama wayam. In kasa kunne ina jiran kalma biyun nan, sai in ji an kira Zali.

Habsu ta wuce ni a fili, mu ce "ina kwana", "lahiya lau", kamar baƙi a tasha. In ta tsaya, za a ce ta kawo mini zance. In na tsaya, za a ce an aiko ni.

Hura ta daina wuce mini maƙogwaro. Zane ya fara zamewa daga ƙuguna. Ɗana ya kawo ni Tawa aka duba, aka ce jini ya hau, aka ba ni ƙwayoyi. Na sha, na koma, ciwon yana nan inda yake. Addu'ata kuma ba zan ɓoye muku ba, guda ɗaya ce safe da yamma: "Ubangiji, ka sa a ɗauke Madam." Ashe ni ma na shiga layin masu zuwa Tawa, sai dai ni sama nake kai ƙarata.

Sai matar fastonmu, Mama Rifkatu, ta zo duba ni. Ta same ni gindin rumbu ina tsince wake. Na zuba mata komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Yaya Saratu, to a ce gobe an ɗauke Madam. Mi kike so ki samu?"

Na ce, "Habsu."

Ta ce, "To, don mi ba ki roƙi Habsu ba?"

Wake ya zube daga faifai ban sani ba. Muka durƙusa nan cikin ƙasa, na buɗe baki, kuka ya riga magana. Na ce, "Yesu, ban san wa ke da gaskiya ba, kai ka sani. Ka bar Madam inda take, ka bar Majo inda yake, ka yi musu albarka. Ni dai Habsu nike so. Ka maido mini da ita." Ina faɗin haka na ji wani abu ya sauka daga wuyana, kamar an sauke mini tulu. Ranar na ci tuwo, har na nemi ƙari. Haleluya!

Washegari na dama hura a tsohon kwanonmu. Da rana ta take, ban je dogon yaro ba, baranda kuma an hana ni. Na shimfiɗa buhu a tsakiyar fili, inda babu inuwar kowa, cikin zafin bazarar Adar, na zauna. Na sha rabi, na rufe da faifai, na juya kan ludayi wajen baranda.

Gardi ya ce, "Inna, shanya kanki kike yi kamar kuɓewa?" Aka yi dariya daga inuwa biyu, karo na farko da suka haɗu a kan abu ɗaya. Majo ya aiko a tambaye ni ko an yi mini laifi. Na ce babu, nan ne wurina. Rabin hurar kuma da la'asar in ba masu jinya.

Haka kullum. Rana ta ƙone mini wuya, Habsu ba ta zo ba. Na ce, Ubangiji, ina nan.

Wata rana lokacin azahar, mutane sun tafi salla, aka kira ni in auna wani yaro. Da na dawo na ɗaga faifai, hura ta ragu. Ludayin kuma an kife shi a bakin kwano. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke kife ludayi haka. Na rufe fuska da gyale na yi ta kuka, gardi yana cewa rana ce ta fara taɓa tsohuwa.

Gab da saukar damina, ranar kasuwa, aka kawo wata Buzuwa a amalanke daga wajen Takanamat. Haihuwar fari ce, ba ta jin Hausa. Ta ƙi gadon ƙarfe, ta durƙusa. Zali ta riƙe ta, ta watsar da Zali. Ina tsakar fili da kwanona, ina jin komai.

Sai ƙofa ta buɗe. Habsu ta fito bakin baranda, gaban mutanen Madam, gaban mutanen Majo, ba ta nemi iznin kowa ba. Ta san abin da take sakawa a wuta, tuwon jikokinta ne. Ta ɗaga murya:

"Saratu, baya!"

Ban san na bar takalmana ba. A ƙofa na yi kiciɓis da Madam, hannunta cikin safar roba. Ta dube ni, na dube ta. Sannan ta matsa gefe ta ce, "Inna, sabulu na can."

Na wanke hannu, na durƙusa bayan yarinyar nan, na rungume ta. Ta jingino da dukan nauyinta a ƙirjina. Ya Allah, nauyin da na yi ta kewa! Cibiya ta naɗe wuyan jaririn, Madam ta sa hannu ta warware da gwanintarta, Habsu ta karɓa. Mace ce, ta tsala kuka. Habsu ta leƙo ta kan kafaɗar mai jego ta ce, "Kin rame, ƴar Lahadi." Na ce, "Ke ma kin tsufa." Muka yi dariya, hawaye na zuba.

Da muka fito, ta bi ni har tsakar fili ta zauna a kan buhuna. Ta ce, "Wace irin mahaukaciya ke zaɓar wurin da babu inuwa?" Na ce, "Inuwar duk an rabe ta." Ta ɗauki ludayi.

Kada ku zaci rigimar manya ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Madam ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Habsu da kyau, amma ba ta kori Zali ba, Allah ya saka mata. Majo ya daina aiko mini da shayi. Ba wanda ya ce na koma ɗakin haihuwa, ba wanda kuma ya hana ni in an kira. Gardi da kansa ya kafa mana ƴar rumfar kara a tsakar fili, yana ta mita wai ba ya son gawar tsofaffi a wurin aikinsa.

Damina biyu muka ƙara tare. Sannan idon Habsu ya fara dushewa, ɗanta ya zo ya tafi da ita arewa, can inda yake aiki, nesa ƙwarai. Bayan tafiyarta ne aka ɗauke Majo, aka ɗauke Madam, aka kawo sababbi.

Kun gani? Da Ubangiji ya amsa addu'ata ta fari, da na yi ta jira har a ɗauke Madam, da na koma ɗakin nan na tarar babu Habsu. Ya san lokacin da ya rage mana, ni ban sani ba. Sai ya gyara mini roƙona, ya ba ni damina biyu. Na gode masa, na gode masa!

Yanzu sai jefi-jefi ake haɗa mu a waya. Muryarta ta yi ƙasa, amma da ta ji ni sai ta ce, "Saratu, baya!" Ni kuma in ce, "Ga ni." Ina roƙon Allah in sake ganinta da idona. Ku taya ni.

Ku da ke aiki inda aka rabu gida biyu, ƴaƴana, kada ku ɓata gwiwarku wajen roƙon a kawar da wani. Ku gaya wa Yesu ainihin abin da zuciyarku ke kewa, da sunansa, ku dogara gare shi. Yana ji.

Ni dai har yau, in aka kawo mini hura, rabi nake sha in rufe. Surukata ta gaji da tambaya. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.