Injin Ban-ruwa a Aji

A Dundaye, wata hajiya da wani dattijo suna jiran mota.

"Ɗiyata injiniya take karantawa a jami'a," in ji hajiyar. "Sabon malaminsu, Malam Illo, mataccen injin ban-ruwa ya kai masu aji, ya ce su kwance shi su gano ciwonshi. Yanzu ita ke gyara na gonarmu."

"Wanga ai kanikanci ne, Hajiya, ba karatu ba."

"To, ajinshi har ta taga ake leƙe. Tsohon malaminsu kuwa takarda yake karanta masu, suna barci."

"Takardar nan tun ba a haifi ɗiyarki ba take fid da injiniyoyi. Shi Illon, wa ya koyar da shi?"

"Kun san shi, Malam?"

"A ajina gaba yake zama. Kuma bai taɓa barci ba."