Saman Gona na Jiha, Ƙarƙashinta na Tarayya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri. Ni ɗalibi ne a Makka, daga unguwar Rusaifa nake rubuto maka.

Bara Yaya Sani ya kira ni daga gida, ya ce wasu baƙi sun fara haƙar zinariya a gefen gonarmu ta gado, da izini daga Abuja. Ya nuna musu takardar filinmu mai hatimin jiha, suka yi masa dariya.

Lokacin aikin Hajji na samu wani jami'in jiharmu a masaukin alhazai a Aziziyya, na kai masa kuka. Ya ce, "Malam Bashir, ikon gwamna a saman ƙasa ya tsaya. Abin da ke ƙarƙashi na tarayya ne. Ka yi addu'a, tunda ga ka ga Ka'aba."

Jiya Yaya ya ce ruwan rijiyarmu ya canza launi, awaki sun fara mutuwa, ramin da suke haƙa kuma saura taku kaɗan ya kai maƙabarta.

Masana doka, ku ba ni shawara. Mahaifinmu a wannan maƙabartar yake kwance, a ƙarƙashin ƙasa. Wa zan roƙa a bar shi ya huta?