Rumfar Layin Asibiti

A rumfar jiran bas, wata dattijuwa riƙe da kular abinci ta tare wani mai rigar kamfanin motocin.

"Ɗana, motar asibiti ta wuce? Maigidana na kwance, an kusa rufe ƙofar masu dubiya."

"Mama, kamfani ya soke layin nan. Wai ba fasinja."

"Ni ɗin kaya ce? Lokacin motar gwamnati, ko ni kaɗai ce sai ta tsaya."

"Ai shi ya kashe ta."

"To kai me kake jira?"

"Rumfar aka turo ni in kwance."

Ta dubi rana, ta gyara riƙon kular.

"Kwance abinka. Ka gaya musu fasinjar da babu ta tafi a ƙafa."