Kwat Ɗaya, Kakanni Talatin da Bakwai

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin hukumar gundumarmu ta Tsohuwar Alƙahira, Injiniya Adli. Mai girma limamin masallacinmu. Mai girma uban cocinmu. Dattawan unguwa maza da mata. 'Yan uwana 'yan kwamitin tarihi, waɗanda biyu daga cikinsu sai shekaranjiya suka koma gaisawa. Iyayenmu mata da ke leƙowa ta tagogin bene. Da sauran jama'a baki ɗaya, har da waɗanda suka zo saboda sun ji za a raba alawar basbusa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugabar makarantar firamare da ta ara mana wannan bango muka rataye hotuna. Ina godiya ga kowane gida da ya buɗe akwatinsa, ya kakkaɓe ƙura, ya ba mu amanar fuskokin matattunsa. Ina kuma godiya ta musamman ga Injiniya Adli, wanda ya rubuto mana cewa lokaci ya yi da layinmu zai samu suna. Tun da aka haife ni ake kiransa Layi na Sha Bakwai, kamar gadon asibiti. Wasiƙar ta ce mu zaɓi sunan wani babban mutum daga cikin kakanninmu, mu kawo shaida, kuma yau wa'adin yake cika. Ga takardar can a gabansa, ga alƙalami. In ya tashi daga kujerar nan ba mu ba shi suna ba, Sha Bakwai za mu ci gaba da zama har jikokin jikokinmu.

Maganata ta farko a kaina take, kuma ba mai daɗin faɗa ba ce. Ni, Fathi, shekara talatin da takwas na yi ina koyar da tarihi a wannan makaranta, kuma babu ajin da ya fita daga hannuna bai ji labarin kakana Shehata Afandi, wato ɗan boko mai muƙami, magatakardan kotu, ba. Wasunku da ke nan sun sha rankwashi a kan wannan suna. Shaidata ita ce hoton da na taso na tarar a bangon falonmu: mutum tsaye cikin baƙar kwat, jar dara a kai, kwagiri a hannu, sarƙar agogo ta ratsa ƙirji. Saboda haka da wasiƙar Injiniya ta iso, ban ɓoye muku ba, a zuciyata na riga na ga allon an kafa: Layin Shehata Afandi. Na so abin nan ƙwarai. Na so shi fiye da yadda ya kamata dattijo ya so guntun ƙarfe.

Ashe ba ni kaɗai ke da kaka ba. Hajji Metwalli mahauci, ga shi nan a sahun gaba yana hararata, ya same ni a teburin mai shayi ya ce, "Ustaz, magatakarda ai ɗan aike ne mai alƙalami. Kakana wakilin mai girma Basha ne guda, gonakinsa ɗari yake dubawa. Kakanka in ya gan shi sai ya miƙe."

Na ce, "Hajji, kai dai tsaya a kan sikelinka, ka bar tarihi ga masu shi."

Madam Tereza mai kantin magani tana wucewa, ta tsaya ta ce, "Ku ci gaba da cika baki. Wakili da magatakarda duk in ciki ya murɗa musu wurin likita suke zuwa, kuma likitan unguwar nan kakana ne. Ina da hoto."

Kowa yana da hoto. Wata uku muka yi ana tayar da jijiyar wuya. An daina sayen nama a wasu gidaje, an koma sayen maganin tari a wata unguwa. A ƙarshe kwamiti ya yanke cewa kowa ya kawo hotonsa, a jera a bango, jama'a su gani da idonsu su zaɓa.

Maganata ta biyu ita ce abin da ya faru ranar Talatar da ta wuce, da muka zo rataye hotunan. Mun tara hoto ɗari biyu da goma sha biyu: na aure, na suna, na masu tafiya Hajji, na tarago lokacin da yake bi ta bakin kasuwa. A cikinsu akwai talatin da bakwai na manyan mutane, wato kakannin da ake takara da su, muka ware musu tsakiyar bango. Ba a taɓa haɗa hotunan nan wuri ɗaya ba. Kowanne shekara tamanin ko fiye ya yi shi kaɗai a falon gidansu, yana sarauta babu abokin gwaji.

Madam Tereza ce ta fara gani, domin matar da ta yi shekara arba'in tana karanta rubutun likitoci babu abin da ke ɓuya mata. Ta gyara tabarau, ta matsa kusa da kakana, ta koma kan nata, ta dawo. Sai ta ce a hankali, "Ustaz Fathi, kakanka yana shan taba?"

Na ce, "Ko kusa. Mutum ne mai tsoron Allah."

Ta ce, "To wa ya ƙona masa aljihun hagu? Don nawa ma an ƙona masa, a wuri ɗaya."

Jama'a, ku duba bangon nan da kanku in an tashi. Ƙunar nan tana aljihun hagu na mutum talatin da bakwai. Maɓalli na uku ya ɓalle a ƙirjin mutum talatin da bakwai. Kwagiri ɗaya ne, dara ɗaya ce, sarƙa ɗaya ce. Kakan Hajji Metwalli ƙato ne, hannun kwat ɗin ya tsaya masa a rabin dantse, yana tsaye ya riƙe numfashi kada ɗinki ya fashe. Kakan Madam Tereza ɗan tsurut ne, ko yatsunsa ba a gani. Kuma a gaban ƙafafun kowannensu an girke tukunyar fure guda, mai tsaga a baki.

Sai borin kunya ya tashi. Hajji Metwalli ya ce ai manyan mutanen da tela ɗaya ke musu ɗinki. Madam Tereza ta ce, "Shi telan ne yake ƙona aljihun kafin ya miƙa?" Ni kuma, malamin tarihi, na buɗe baki na ce wataƙila yayin zamanin ne. Allah Ya yafe mini wannan magana. Kafin la'asar gidaje goma sha ɗaya sun aiko a mayar musu da hotunansu, Hajji ya cire nasa ya cusa a ƙarƙashin jallabiya, ya ce taron nan ba da shi ba. Na koma gida, ga wa'adi ya matso, ga shi ba mu da suna, ba mu da shaida, ba mu da kwamiti.

Maganata ta uku ita ce mafi tsawo, sai ku yi haƙuri. Na ɗauki hoton kakana na hau bene wurin Gwaggo Nabawiyya, ƙanwar mahaifina, 'yar autar Shehata, wadda ta cika shekara casa'in da ɗaya a azumin bana. Na tarar tana tsince shinkafa. Na ajiye hoton a gabanta na ce, "Gwaggo, kwat ɗin nan na wane ne?"

Ko ɗaga kai ba ta yi sosai ba. Ta ce, "Na Hawaja Kirikor ne mana, baƙon nan mai hoto. A ƙusa yake rataye shi bayan ƙofa. Wari yake yi kamar me."

Na ce, "Ba na Kaka ba ne?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, ina Baba ya ga kwat? Duk wanda ya je ɗaukar hoto sai Hawaja ya saka masa, haka ake yi. Ya ɗora maka dara, ya ba ka sanda, ya maƙala maka sarƙar da babu agogo a jikinta. Takalmi ne kawai ba shi da na aro, shi ya sa yake tura tukunyar fure ta rufe ƙafa."

Na ce, "To aikin kotun fa?"

Ta yi dariya har sai da ta ajiye faranti. Ta ce, "Yana zuwa kotu kam, kullum da safe. Shi ke cika musu randa. Ɗan ga-ruwa ne, Fathi. Salka yake goyo tun daga famfon gwamnati har hawa na huɗu."

Tunda na riga na faɗi, na ce bari in ja abokai. Na tambaye ta kakan Hajji Metwalli. Ta ce, "Wanzamin jakai? Hannunsa da kyau, yana yi musu zane a cinya da almakashi. Jakan Basha ma shi ke musu." Na tambaye ta likitan Madam Tereza. Ta ce, "Kwalabe yake wankewa a kantin wani Bagirike. Amma yana cire haƙori in an matsa masa."

Na ce, "Gwaggo, shekara talatin da takwas kina ji ina faɗa wa yara magatakarda ne, ba ki taɓa cewa komai ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambayata? Kai ne mai digiri."

Ya ku jama'a, ina so ku riƙe wannan. Kakanninmu ba su yaudari kowa ba. A zamaninsu duk unguwa ta san kwat ɗin nan, ta san ƙusar da yake rataye, ta san warinsa. Mutum ya saka, a ɗauka, ya tuɓe, ya koma bakin aikinsa, na bayansa ya saka. Ba su suka yi ƙarya ba. 'Ya'yansu ne suka yi shiru, jikokinsu kuma suka cike shirun da muƙamai. Mu muka naɗa su wakilai, mu muka ba su kotu, mu muka ba su asibiti, saboda mu ne muke jin kunyar abin da suka ciyar da mu da shi.

Ina shirin tashi, Gwaggo ta ce in jawo mata gwangwanin alawa da ke ƙarƙashin gado. Ta fito da wani hoto ƙarami da ban taɓa gani ba. Ta ce lokacin da Shehata ya baro ƙauyensu a Kudu yana saurayi, ya ɗauki hoton kwat ya aika wa uwarsa don hankalinta ya kwanta. Bayan wata biyu hoton ya dawo a hannun wani mai jirgin ruwa, da saƙon baki: "Ku mayar wa Afandin nan hotonsa, ban san shi ba. A aiko mini da ɗana." Sai ya koma wurin Hawaja, ya ƙi kwat, ya ƙi dara, ya ture tukunyar fure da kansa, ya tsaya da salkarsa a baya. Wannan ne tsohuwar ta riƙe har ta rasu. Da aka dawo da shi cikin kayanta, mahaifina, wanda ya samu aikin gidan waya a shekarar, ya rataye na kwat a falo, ya ba ƙanwarsa wannan ya ce ta ɓoye.

Na zauna a bakin gadon Gwaggo na yi kuka. Ban ji kunyar kukan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa muku.

Washegari na kai wa Hajji Metwalli labarin wanzamin jakai da kaina, a gaban masu sayen nama, kuma ba zan ce ban ji daɗin kaiwa ba. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa. Can ya ce, "Ta ce hannunsa da kyau?" Na ce haka ta ce. Ya ce, "To ai gado na yi." Da yamma ya dawo da hoton ya rataye da kansa. Madam Tereza ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin likitan da bai bar ko littafi ɗaya ba. Gidaje goma sha ɗayan nan ma duk sun dawo da nasu, bayan an tabbatar musu babu wanda ya tsira.

Maganata ta ƙarshe gare ka take, mai girma Injiniya. Ka nemi sunan babban mutum, mun duba ba mu da shi. Muna da masu ga-ruwa, da masu guga, da masu tura kura, da masu toya wake, da wanzamin jakai guda. Kwamiti ya zauna jiya, kuma karon farko tun kafa shi hannu bakwai suka tashi tare. Sunan da muke roƙo a rubuta shi ne Layin Kwat Ɗaya. Na san takardarka ta ce sunan mutum. Muna roƙonka ka duba bangon nan, ka ga mutum talatin da bakwai a cikin sunan, ka sa hannu. In manyanka sun tambaye ka shaida, ka turo su, Gwaggo Nabawiyya tana gida kullum.

Saura abu ɗaya. Tsofaffin ɗalibaina da ke nan, ku ɗaga hannu in gan ku. Madalla, kuna da yawa. Na koya muku darasi ba daidai ba, kuma malami ba ya barin kuskure a allo. Ga hoton da ke hannuna, yau zai hau bango. Ku dube shi da kyau: kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, ƙafarsa babu takalmi, yana dariya. Sunansa Shehata. Ɗan ga-ruwa ne. Shekara arba'in yana hawa benayen unguwar nan da ruwa a bayansa, kuma babu gidan da ke nan da bai sha daga hannunsa ba. Kakana ne. Ku gyara a littattafanku.

Allah Ya jiƙan waɗanda ke bangon nan, Ya sa aikin hannunsu ya zame musu haske. Allah Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, Ya ba mu hankalin tambayarsu tun suna raye. Allah Ya zaunar da unguwarmu lafiya, masallaci da coci, mahauta da kantin magani. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.