Daga Ina Ake Fara Layi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Mai girma shugaban taro, mai girma wakilin magajin garin Arlit, sufeton makarantu, masu unguwanni, malamai abokan aikina, iyaye mata da kuka bar tukwane a kan wuta, iyaye maza da kuka sauko daga motar ma'aikata ko gida ba ku biya ba, assalamu alaikum.

Ina godiya ga ƙungiyar iyayen yara da ta kira wannan zama, da kuma daraktan makaranta da ya ara mana inuwa da benci.

An ce in gabatar muku da jerin kalmomin koyar da karatu da rubutu da kwamitinmu ya tsara da Hausa. Kwana uku muka yi a ɗaki mai sanyi, mu goma sha biyu, kowa da digirinsa, muka fito da kalma arba'in: baƙi da wasali, gaɓa da jimla, aya da waƙafi da alamar tambaya. A kan waƙafi kaɗai sai da muka kai la'asar muna gardama. Muka tafa wa kanmu, muka ci abinci. Amma kafin in miƙa takardar, bari in faɗi abin da muka manta.

Na farko, akwai wata yarinya a ajin farko, sunanta Khairiyya. Mahaifinta Malam Amumun direba ne, mahaifiyarta Dassin Ba'abziniya ce, 'yar ƙauyen Dannet. Malaminta, Malam Nomau mutumin Tawa, ya tare ni ya ce, "Madam, yarinyag ga ta hi ƙarhina. In na ce a yi rubutu, sai ta hwara daga gindin allo tana hawa bisa kamar ƙadangare." Ya rubuta a takardarta cewa ba ta ganewa. Da uban ya ji haka, ya ce ƙarshen wannan wata zai mai da ita Dannet wajen awaki, tunda su ba sa tambayar takarda.

Na je gidansu. Dassin ta share yashi da tafin hannu, ta sa yatsa ta fara zana haruffan Tifinag, rubutun Abzinawa, daga kusa da gwiwarta tana yin sama. Ta ce mini, "Madam, yarinya na ya iya rubutu tun yana shekara biyar. Ni na koya mishi, yadda uwa na ya koya mini. Ku ne ba ku gaya mishi inda ku kuke tashi ba." Jama'a, wannan mata a rajistarmu an rubuta ba ta iya karatu ba, kuma sa hannuna ne a ƙasan shafin.

Ku duba nauyin da muka ɗora wa 'yar shekara bakwai. A gida uwa ta fara daga ƙasa. A makarantar allo malam ya fara daga dama. A lakwal, wato makarantar boko, mu fara daga hagu, kuma mu faɗa mata haka da Faransanci, kullum, da ƙarfi, ko ƙarfin murya zai zama fassara.

Na biyu, jerinmu ba shi da hagu, ba shi da dama, ba shi da farkon layi, ba shi da ƙarshen layi, ba shi da "fara daga nan". Mun ga sun yi wa masu digiri ƙanƙanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ba mu tambayi mai ɗaki ba.

Kada kowa ya zargi Malam Nomau. Yara tamanin da huɗu ne a gabansa, makogwaro ɗaya gare shi. Da na ba shi labari, kabu-kabu ya hau ya je da kansa, ya tsuguna a yashi har Dassin ta koya masa rubuta sunansa. Washegari ya ɗiga alli a kusurwar allon yarinyar ta hagu daga sama, ya ce mata da Hausa, "Ɗiyata, nan ta ƙohwa." Yau kwana takwas ke nan, layinta bai sake hawa bango ba.

Na uku, roƙo. Mai girma sufeto, kada a buga wannan jeri tukuna. A ba mu mako biyu, iyaye mata masu Tamajak da Fulatanci da Barbarci su zauna da mu, su faɗa mana yadda suke cewa da 'ya'yansu fara nan, tsaya nan, koma ƙasa. Mu kuma a wannan karo mu riƙe biro mu yi shiru.

Sai kai Malam Amumun, da nake hangowa a bakin ƙofa. Wata zai ƙare ranar Alhamis, hukunci kuwa naka ne. Ba na yi maka alkawarin za ta zama likita. Abin da na sani shi ne kuskuren namu ne, kuma bai dace yarinya ta biya shi ba. Allonta na hannun malaminta. Ka dube shi kafin ka tayar da mota, ka bar mana ita zuwa ƙarshen shekara.

Allah ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu, ya ƙara wa malamansu haƙuri, ya saka wa iyaye da alheri. Allah ya tsare masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa da na bisa hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.