Duk Abin da Ya Sauƙaƙa

Ku gafarta mini karambani, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan ma ji kawai na yi a tashar bas ta unguwar Karama, a nan ƙasar Larabawa, tsakanin wani saurayi mai kwat da wani dattijo ɗan Nijar.

"Wane aiki kake yi, samari?"

"Rubutun talla da Turanci, Baba. Wata biyu ina gwaji a wani kamfani, sai yau suka tambaye ni albashin da nake so."

"Ka ce nawa?"

"Na ce duk abin da ya sauƙaƙa."

"Kawunka ne mai kamfanin?"

"Bature ne. Ai da kunya mutum ya yi wa kansa kuɗi kamar rago."

"Khalas, shi ke nan, ka yanka kanka! Gida fa? Tikitin hutu? Biza?"

"Sun ce za su duba. Bizar ziyara gare ni, ranar Alhamis za ta ƙare. Amma ka ga allon can mai hoton dogon bene? Ni na rubuta tallan."

"Sun biya ka?"

"Sun ce ya yi kyau."

"Koma ka faɗi kuɗinka, ka ninka shi."

"Kai nawa ka ce musu da ka zo, Baba?"



"Abin da ka ce, shi na ce. Shekara tara ina fassara, har yau mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Satwa."

Saurayin ya ciro waya daga aljihu.

"In na kira su, za ka tsaya kusa da ni?"

"Yalla, maza kira."

Na rungume littattafaina na sulale, kafin su gane ina jin Hausa.